Yadda Za Ka Fita Waje da Kwamfutarka, Ka Dawo da Ita da Aikinka Lafiya

A wani filin jirgi da muka yada zango kan hanyarmu ta zuwa Malesiya, muna layin shiga jirgi sai ma'aikaciya ta ce wurin ajiyar kaya na sama ya cika, duk mai ƙaramin akwati ya miƙa a kai masa ƙasa. Wani matashi da ke gabana, ɗalibi mai shirin kare digirinsa na biyu, ya miƙa nasa ba musu. Aka ɗaura wa akwatin takarda, aka wuce da shi. Da muka sauka ya buɗe shi a gabana, nan wurin ɗaukar kaya. Fuskar kwamfutar ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, wani baƙi kamar tawada ya malale a cikinta. Ya danna makunni, fanka ta yi ƙugi, babu abin da ya fito. Ya dube ni ya ce, "Malam, duk aikina yana ciki." Na tambaye shi ko yana da kwafi a wani wurin. Ya girgiza kai.

Tun daga ranar na daina ɗaukar shirin tafiya da kwamfuta a matsayin abin da ake yi a daren tashi. Kwamfuta ƙarfe ce, idan ta lalace ana sayen wata. Abin da ke cikinta, da hanyoyin da kake bi ka shiga imel ɗinka da asusun bankinka, su ne ba a samu a kanti. Kuma kusan duk abin da zai cece su a gida ake yin sa, lokacin da layin wayarka yake aiki, mai gyaranka yake kusa, kake kuma jin yaren kowa. Ga yadda nake bin abin daki-daki.

Fara da tambayar kanka ko dole ne ka tafi da ita

Mai zuwa Hajji ko Umara, in dai ba aiki ya kai shi ba, ya bar ta a gida. Masauki a can ɗaki ne na mutum huɗu ko biyar, ƙofa ba ta rufuwa, kuma ba za ka ɗauke ta zuwa Mina da Arfa ba. Haka mai raka marar lafiya Indiya ko Masar na sati biyu, waya ta ishe shi. Amma ɗalibi, da ɗan kasuwar da lissafinsa ke ciki, da mai zuwa taro da zai gabatar da takarda, ba su da zaɓi. Da su nake magana.

Sati biyu kafin tafiya: kwafi biyu, a wurare biyu

Ka sayi rumbun ajiya na waje, ko babban filas, ka kwafe duk abin da ba za ka iya jure rasawa ba: rubuce-rubuce, lissafin kasuwanci, hotunan iyali, takardun makaranta. Wannan kwafin a gida zai zauna, hannun wanda ka yarda da shi. Kuskuren da mutane da yawa suke yi shi ne su sa filas ɗin a aljihun jakar kwamfutar. Wanda ya ɗauke jakar ya haɗa duka biyun ke nan.

Kwafi na biyu ka ɗora shi a intanet. Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta, OneDrive da iCloud kowanne 5. Ba za su ɗauki bidiyo da yawa ba, amma rubutu da takardu sun isa har da saura. Ka yi wannan da wuri domin intanet ɗinmu ba ya son gaggawa, babban fayil yana iya cin dare biyu. Sannan ka gwada: ka buɗe fayil biyu ko uku daga wata na'urar daban, ka ga sun buɗu. Na sha ganin wanda ya yi kwafi, ashe gajerun hanyoyin buɗe fayil ya kwafa, ainihin fayilolin suna nan inda suke.

A cikin abin da za ka ɗora ka haɗa da hoton fasfo, biza, tikiti, takardar allurar shawara, rasit ɗin kwamfutar, da hoton lambar siriyal da ke manne a ƙarƙashinta. Lambar nan ita 'yan sanda za su fara tambaya idan an sace ta.

Ka kai ta wurin mai gyara, ya duba batir

Da yawa daga cikinmu ta hannu muke saya, irin wadda ake kira Beljiyam, kuma batirinta ya riga ya sha wuya kafin ta zo mana. Ka ajiye ta a kan tebur mai shafe ka duba. Idan tana rawa, ko wurin shafa yatsa ya taso sama, ko murfin ƙasa ya fara buɗe baki, batir ya kumbura. Kada ka shiga jirgi da shi. Dokar sufurin sama ta hana ɗaukar batirin da ya lalace, kuma ba don a takura maka ba ne: batirin lithium idan ya kama wuta yana ƙara hura kansa, kashe shi aiki ne ja.

Mai tsohuwar MacBook Pro ta inci 15 ya ƙara lura. A 2019 kamfanin Apple ya janye wasu da aka sayar tsakanin Satumban 2015 da Fabrairun 2017 saboda batirinsu yana iya ɗaukar zafi, hukumar jiragen sama ta Amurka kuma ta tunatar da kamfanoni cewa ba a hawa da su sai an sauya batirin. Irin waɗannan sun shigo kasuwanninmu da yawa. A shafin Apple ana sa lambar siriyal a ga ko taka tana ciki.

Mai gyaran ya kuma busa mata ƙura. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, kwamfutar ta riƙa zafi tana kashe kanta. Abin da za a yi maka a Titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja da kuɗi kaɗan, a Landan ko Berlin sai ka biya ninkin-ba-ninki, ka kuma jira kwanaki. Duk sabuntawar Windows da ta taru ka ƙyale ta ta gama a gida. Babu daɗi ka buɗe kwamfuta saura minti goma ka hau mumbari, ta ce ka jira.

Layin wayarka shi ne makullin komai

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi faɗawa rami, ni ma na faɗa. Wata tafiya da na yi Turkiyya, na bar layina a hannun ƙanena don ya riƙa amsa kiran abokan hulɗa. Da daddare a masauki na buɗe kwamfuta zan turo wata takarda da ake jira da safe. Imel ya ga an shigo daga ƙasar da bai saba gani ba, ya ce sai na sa lambar da ya aika wa layina. Layi kuwa yana Kano, dare ya yi nisa. Na yi ta kiran yaron ta WhatsApp har ya farka. Ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce ya karanto mini lambar da ta shigo. Kafin ya lalubo wayar ya karanto, wa'adinta ya ƙare. Sai a karo na uku muka dace, ina ta fargabar kada a rufe asusun gaba ɗaya.

Saboda haka, ka tafi da layinka. Kafin ka tashi ka tabbatar kamfanin ya buɗe maka amfani da shi a ƙasashen waje, ka sa masa kuɗi, ka kuma kashe datarsa don kada ta cinye kuɗin cikin sa'a guda. Aikinsa kawai karɓar saƙon banki da na imel. Idan wayarka mai layi biyu ce, ɗaya gurbin na layin ƙasar da ka je. Ɗalibin da zai shekara ya riƙa yin ɗan amfani da layin lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe a kwance ana iya ƙwace shi a sayar wa wani, alhali yana haɗe da asusunka na banki.

Amma saƙon tes ba abin dogaro ba ne a waje, wani lokaci ya makara, wani lokaci ya ƙi zuwa. Don haka ka ƙara wa kanka hanya biyu. Ta farko, manhajar fitar da lambobi kamar Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, wadda ke aiki ko babu sabis. Ta biyu, lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda goma, kowacce mai alƙaluma takwas, kowacce sau ɗaya ake amfani da ita. Ka rubuta su a takarda ka ajiye tare da fasfo, ba cikin jakar kwamfuta ba. Wani abu ƙarami da ke wahalar da mutane: idan ka isa, kada ka juya agogon waya ko na kwamfuta da hannu. Ka sauya yankin lokaci, ko ka bar na'urar ta daidaita kanta. Lambobin manhajar da agogo suke tafiya, idan ka karkata shi duk lambar da ka sa za a ce ba daidai ba ce.

Ka kulle abin da ke ciki, ka share abin da ba ka buƙata

Kalmar sirrin da kake sawa lokacin kunna kwamfuta ba ta hana ɓarawo karanta fayilolinka. Kwance rumbun zai yi ya jona a wata na'urar, komai ya bayyana. Abin da ke hana shi shi ne rufe rumbun da kansa ta yadda ba ya karantuwa sai da makulli. A Windows sunan abin BitLocker, a Mac kuma FileVault. Ka kunna shi kwanaki kafin tafiya. BitLocker zai ba ka makullin ceto mai alƙaluma 48. Ka adana shi a asusunka na Microsoft, ka kuma rubuta a takarda. Idan wata rana kwamfutar ta nemi wannan makulli ba ka da shi, ko kamfanin da ya ƙera ta ba zai iya buɗe maka ba. Ka kunna kuma tsarin gano inda na'ura take, akwai shi a Windows da Mac duka.

Sannan ka zauna ka bi manyan fayilolinka ɗaya bayan ɗaya. Idan ka taɓa kai ta wurin masu tura finafinai, ko yara suna amfani da ita, ko ta hannu ka saya ba a goge ta ba, akwai yiwuwar tana ɗauke da abin da ba ka sani ba. A Saudiyya da Daular Larabawa hotunan batsa laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Bidiyon 'yan ta'adda da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp, wanda wani ya turo ya sauka da kansa, zai iya jawo maka tambayoyin sa'o'i a kowace iyaka. Jami'an iyakar Amurka suna da ikon duba waya da kwamfuta ba tare da takardar kotu ba, kuma baƙon da ya ƙi buɗewa ana iya juya shi gida. A New Zealand tun 2018 ƙin ba da kalmar sirri yana iya jawo tarar da ta kai dalar ƙasar 5,000. Ba kowa ake dubawa ba, kaɗan ne ma. Amma shawarata ita ce ka tafi da kwamfutar da za ka iya buɗewa gaban kowane jami'i hankalinka kwance. Idan kana riƙe da sirrin wasu, kamar bayanan marasa lafiya ko na ma'aikata, ka cire su ka bar su a gida.

Caja da soket

Ka juya cajarka ka karanta ƙananan rubutun jikinta. Kusan duk cajar kwamfuta za ka ga an rubuta 100–240V da 50/60Hz. Ma'anarsa tana aiki da wutar ko'ina: 230 ta Najeriya da Ingila, 120 ta Amurka, 100 ta Japan. Ba ka buƙatar na'urar sauya ƙarfin wuta. Bakin filogi ne kawai matsalar.

Wanda ya tashi daga Najeriya ko Gana da filogi mai ƙafa uku masu faɗi, zai shiga soket a Ingila, Dubai, Katar, Malesiya, Hong Kong da yawancin gine-ginen Saudiyya. Ba zai shiga a Masar, Turkiyya, Jamus ko Faransa ba, can ƙafa biyu zagayayyu ake amfani da su. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Yamai abin nasa a juye yake: filoginsa zai shiga a Faris da Istanbul, amma zai nemi adafta a Makka da Dubai. Amurka da Kanada ƙafafunsu siraran falle ne. Indiya tana da mai ƙafa uku zagayayyu irin na tsofaffin gidajenmu. A Sin soket ɗin yakan karɓi iri biyu ko uku, amma sau da yawa namu mai ƙafa uku ba ya ciki.

Ka sayi adafta mai kyau tun a gida, ka gwada ta riƙe filogi gam. Ta filin jirgi tsada gare ta, mai arha kuwa takan saki, ka kwana kana zaton kana caji. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce ɗaukar ƙaramin ekstenshin na gida: adafta ɗaya a bango, kwamfuta da waya da sauran kaya duk su samu wuri. Wanda zai daɗe kuma, wayar da ke tsakanin bango da kan caja ana cire ta, sai ya sayi irin ta ƙasar da kuɗi kaɗan ya huta da adafta.

Ka tuna adafta siffar baki kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Wannan ya fi shafar dawowa: injin aski ko na'urar da ka saya a Amurka mai 120V kaɗai, kana jona ta a gida za ta ƙone.

Idan cajarka jabu ce, irin mai zafi kamar dutsen guga, ka sauya ta kafin ka tafi. Idan kuma kwamfutarka tana caji ta USB-C, caja ɗaya mai wat 65 za ta ɗauki yawancin kwamfutoci har da waya, ta rage maka nauyi.

Fawa-banki: lissafin da ya kamata ka iya

Ƙa'idar da kamfanonin jirage suke bi a sarari take. Batirin da bai wuce 100Wh ba (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) ana shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma ba fiye da biyu ba. Sama da 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Fawa-banki da batirin da ba ya jikin na'ura ba sa shiga babban akwati ko kaɗan.

Matsalar ita ce mu da mAh muka san su. Ka ninka adadin da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya zama 74Wh, za a bar shi ya shiga. Mai 27,000 yana bakin iyaka. Manyan nan masu 40,000 da 50,000 da rashin wuta ya sa muke so, na farko ya kai 148, na biyu 185. Ka bar su a gida. Idan kuma rubutun jikinsa ya goge, jami'i yana iya karɓe shi domin ba shi da hanyar sanin girmansa.

Dokokin sun ƙara tsauri bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu cikin Janairun 2025, kafin ya tashi, wadda masu bincike suka danganta da fawa-banki a wurin ajiyar kaya na sama. Daga 1 ga Oktoban 2025 Emirates ta hana amfani da shi a cikin jirgi, ɗaya kawai ta yarda a ɗauka, kuma ba a sa shi a sama. Sin kuma tun ƙarshen Yunin 2025 ta hana hawa jiragen cikin gida da wanda ba shi da CCC, tambarin tabbatar da inganci na ƙasar. Ɗan kasuwar da zai tashi daga Guangzhou zuwa Yiwu ya duba nasa tun kafin ya isa layin bincike. Saboda irin waɗannan sauye-sauye, ka leƙa shafin kamfanin jirginka kwana biyu kafin tafiya.

Haɗa jaka, da maganar saƙo

Kwamfuta a jakar goyo take tafiya, jakar kuma a jikinka. Ka zaɓi mai soso a gurbin kwamfuta, wadda gurbin bai taɓa ƙasan jakar ba, don idan ka dire ta da ƙarfi kada gefen na'urar ya bugu. Jakar da ba ta da tambarin kamfanin kwamfuta ta fi, ba ta jan ido. Kan caja kada ya kwanta a kan murfi, shi ke fasa fuska idan an matse jakar. Turare, man shafawa, zuma da man shanu su tafi can wani wuri. Yawancin kamfanoni kilo 7 ko 8 suke yarda da shi na kayan hannu, wasu suna ƙyale jakar kwamfuta daban, wasu suna haɗawa su auna, ka bincika naka.

Ka kashe ta gaba ɗaya, kada ka rufe murfi kawai. Wadda take barci tana iya farkawa cikin jaka, ta yi ta zafi babu iska har batir ya ƙare. Kuma ka cika ta da caji kafin ka fita, domin a jiragen da ke zuwa Amurka da Birtaniya ana iya cewa ka kunna ta, wadda ta ƙi kamawa kuma ba za a bari ta hau ba.

Dalilin da ya sa na nace kada ta shiga babban akwati bai tsaya ga fashewa da sata ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta sa iyaka ga diyyar da kamfanin jirgi zai biya kan kayan fasinja, wadda a yanzu take wajen dala 2,000 kan dukkan kayanka, kuma sai ka shigar da ƙorafi a rubuce cikin kwana 7 idan lalacewa ce. Kamfanoni da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa kada a sa na'urori masu tsada a akwati. Ko an biya ka, ba a biyan aikin da ke ciki.

Sai maganar da ke da nauyin faɗa a al'adarmu. Da an ji za ka tafi, wani zai zo da kwamfuta a kwali ya ce, "Don Allah Alhaji, ka miƙa wa yarona." Kunya ba za ta bari ka ce a'a ba. Amma duk abin da ke jakarka naka ne a idon doka, kuma masu safarar ƙwaya suna ɓoye ta cikin na'urori. A Saudiyya da Sin hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Idan ba ka san mutumin ciki da bai ba, ka ba shi haƙuri. Idan na gida ne, ya buɗe ta a gabanka, a kunna ta, mai gyara ya kwance murfin ƙasa ka gani da idonka. Ka sani kuma ƙasashe da yawa, Indiya misali, kwamfuta ɗaya suke ƙyale wa fasinja ba haraji. Ta biyu, musamman sabuwa a kwali, tana iya sa kwastam su tsayar da kai.

A filin jirgi da cikin jirgi

A wurin bincike za a ce ka fito da ita ka sa a tire ita kaɗai. Wasu filayen masu sababbin na'urori ba sa buƙatar haka, ka saurari abin da jami'in ya ce. Ka fara tura takalmi da bel da jaka, kwamfuta ta zama ta ƙarshe, kuma kada ka sake ta sai ka ga layin wucewarka ya buɗe. Idan ta riga ka fita kana tsaye ana laluben wani, tana can ita kaɗai. Kwamfutoci kama suke da juna, wani yana iya ɗauka bisa kuskure. Ka manna mata wata alama mai launi a murfi, da 'yar takarda mai imel ɗinka a ƙasa.

Idan a ƙofar jirgi aka ce ka miƙa ƙaramin akwatinka, ka tsaya gefe, ka ciro kwamfuta da fawa-banki da fasfo, sannan ka miƙa. Babu ma'aikacin da zai hana ka, dokarsu ma haka ta ce game da batura. Minti ɗaya ne, shi ne ɗalibin nan bai ɗauka ba.

A ciki, ƙarƙashin kujerar gabanka ya fi sama aminci. A sama wani zai danna akwatinsa a kanta, kuma ana sata a dogayen tafiye-tafiye lokacin da fitilu suke kashe mutane suna barci. Idan kana aiki a kan ɗan teburin, kada ka tura fuskar ta shige ƙarƙashin bayan kujerar gaba, mai ita yana kwantar da ita za ta murƙushe. Da an fara raba shayi ka rufe ta. A wurin yada zango, idan za ka yi alwala ko sallah, jakar ta kasance a gabanka inda kake sujada, ba a bayan sahu ba.

Bayan ka isa

Waifai na otal da filin jirgi yana da amfani, amma ka tambayi ma'aikaci ainihin sunan waifai ɗin, domin ɓarayi suna buɗe nasu da suna mai kama da shi. Harkar banki ka yi ta da datar wayarka. Idan ka jona kwamfuta da datar waya, ka nuna wa Windows cewa data ce mai awo, in ba haka ba sabuntawa za ta shanye ta cikin dare. Ɗalibai su nemi eduroam, waifai na jami'o'i, da zarar sun yi rajista, shiga ɗaya ce take aiki a jami'o'in ƙasashe da dama. Kwamfutar otal ta kowa da kowa kuwa, kada ka shiga imel ɗinka a kanta, kada kuma ka soka filas ɗinka ka dawo da shi taka ba ka bincike shi ba.

Mai zuwa Sin ya san cewa Google, Gmail, WhatsApp, Facebook da YouTube duk a toshe suke a can. Kwafinka na Google Drive ba zai buɗu a intanet ɗin otal ba. Ka sauke abin da za ka buƙata a kan kwamfutar tun a gida, ka buɗe WeChat, manhajar hira da ake amfani da ita a can, ka kuma tanadi wani imel da ba na Google ba, ka sanar da abokan hulɗarka. Datar layin waje takan wuce wannan shinge, sai dai tsada. Batun VPN kuma, wato manhajar da ake bi ta cikinta a kauce wa irin wannan shinge, dokar kowace ƙasa daban ce, Sin ta taƙaita shi, Daular Larabawa tana hukunta wanda ya yi amfani da shi wajen aikata laifi. Ka san dokar inda za ka kafin ka kunna.

A masauki, idan za ka fita ka kashe ta ka sa a akwatin ƙarfen ɗaki, in bai ɗauke ta ba ka kulle ta cikin akwatinka. A ɗakin karatu ko gidan shayi kada ka bar ta kan tebur ka ce wa baƙo ya duba maka. Ganin ƙasar ta ci gaba ba ya nufin babu ɓarayi.

Yanayi ma yana da nasa. Apple ya ce kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35 aka yi su su yi aiki, sauran ma kusan haka ne. Mota a rufe a ranar Riyad ko Dubai ta zarce wannan nesa, kada ka bar ta a ciki. A ƙasashen ƙanƙara kuma, idan ka shigo ɗaki mai ɗumi daga waje, raɓa tana taruwa a cikinta kamar yadda take yi a jikin kwalbar ruwan sanyi. Ka bar ta cikin jaka kamar sa'a guda kafin ka kunna ko ka sa caji.

Idan ta ɓata, daga wayarka ka sauya kalmar sirrin imel da farko, domin ta nan ake sake saita sauran. Sai ka fitar da kwamfutar daga WhatsApp da sauran asusunka, ka kulle ta daga nesa, ka je wurin 'yan sanda da lambar siriyal ka karɓi takardar rahoto. Inshora da makaranta da ma'aikatarka duk ita za su nema.

Wanda kuma ya yi niyyar sayo sabuwa a can, ya buɗe kwalin a kanti ya duba madannai. Na Faransa jerin haruffansu da AZERTY yake farawa, na Jamus sun musanya Y da Z, na Turkiyya suna da haruffan da ba mu da su. Wadda aka yi don kasuwar Sin sau da yawa Windows ɗinta Sinanci kaɗai yake ji, sauya shi sai an sayi wani lasisi. Ka tambaya ko garantin yana aiki a Najeriya ko Nijar, ka ɗauki hoton rasit tun kana kantin, asalin kuma ka sa shi cikin fasfo inda hannunka zai kai gare shi idan kwastam sun tambaya.